Matsayin Kunne a Tarihin Koyar da Ingilishi a Arewacin Nijeriya



Masana koyar da harsuna sun saba kasa aikinsu gida huɗu, watau saurare da magana da karatu da rubutu, kuma duk manhajar Ingilishi da mutum ya buɗe a ƙasar nan zai tarar an jera su haka, saurare na kan gaba. Amma in ya ajiye manhaja ya shiga aji, da wuya ya sami sa'a guda a mako da aka keɓe wa kunne. Sakamakon wannan kuwa ba ɓoyayye ba ne ga kowa a ɗakin nan. Ɗalibi ya ci Ingilishi a jarrabawar fita sakandare, ya shigo jami'a, a yi masa lacca ta sa'a guda ya fita da farar takarda, sai fa in malami ya haƙura ya koma yi masa shifta. Ma'aikaci ya zauna a taro da baƙi yana gyaɗa kai, sai an raba rubutaccen bayani sa'an nan ya san abin da aka zartar. Abin da nake so mu bi diddiginsa yau shi ne yadda aka yi kunne ya koma baya, alhali kuwa ta ƙofarsa Ingilishi ya fara shigo mana.

Shaidar wannan tana bakinmu kullum. Bayan da Turawa suka ci Kano da Sakkwato a 1903, waɗanda suka fara hulɗa da harshensu su ne soja da masinja da kuku da tafinta, mutanen da galibinsu ba su san baƙi ko ɗaya na boko ba. Ku dubi kalmomin da suka bar mana: direba, kafinta, birkila, lauya, hafsa, samanja. A rubuce, dukkan waɗannan da harafin r suke ƙarewa cikin Ingilishi, amma Baturen kudancin Ingila ba ya furta wannan harafi a ƙarshen kalma, wani gajeren wasali kawai yake saki. Kunnen Bahaushe ya kama wannan wasali daidai, ya mai da shi a. Da daga takarda aka ɗauko su, da yanzu muna cewa direbar da kafintar. Ita kuwa samanja, kalmomi biyu ne masu haruffa 13 a rubuce, amma a filin fareti gaɓa uku ake ji, kuma gaɓa ukun nan kakanninmu suka riƙe.

Haka kuma makarantar da boko ya tarar a ƙasar nan ta kunne ce. Malam ya biya wa almajiri, almajiri ya maimaita har ya zauna masa. A zaure, mai karatun Ahalari ko Risala ya ja layi, malam ya fassara da baki, na gefe su kasa kunne su ƙaru ko da ba littafinsu ake karantawa ba. Ba na cewa wannan hanya ta isa a koyi magana da baƙon harshe, domin mutum yakan shekara goma a zaure bai iya cinikin kasuwa da Larabci ba. Amma dai yaron da aka kai makarantar boko ya je da horarren kunne da haƙurin zama ya saurara.

Makarantar boko ta farko da gwamnati ta buɗe a Arewa, wadda Hanns Vischer, Ɗan Hausa, ya fara a Nasarawa ta Kano a 1909, da Hausa take koyarwa. Jami'an mulkin mallaka na wannan zamani ba su da marmarin ganin an sami irin 'yan bokon Ikko masu rubuta ƙorafi a jarida, saboda haka suka yi ta jan ƙafa a kan Ingilishi. Abin da ya biyo baya shi ne ofisoshin gwamnati da tashoshin jirgin ƙasa da kantunan kamfanoni suka cika da akawu daga Kudu da Saliyo da ƙasar da ake kira Gana yanzu. Da buƙatar malamai 'yan ƙasa ta matsa, sai aka kafa Kwalejin Katsina, wadda ta ɗauki ɗalibai a 1921, Gwamna Hugh Clifford ya buɗe ta a 1922.

Domin mu gane irin tunanin da malaman wannan kwaleji suka taso a cikinsa, tilas mu ɗan leƙa Turai. A yawancin ƙarni na 19, makarantun can suna koyar da Faransanci da Jamusanci da Ingilishi ne kamar yadda ake koyar da Latin, harshen da babu mai magana da shi a kasuwa: a haddace nahawu, a fassara jimloli, a rufe littafi. A 1882 wani malami Bajamushe, Wilhelm Viëtor, ya buga wata 'yar ƙasida yana kiran a juya akalar koyar da harshe baki ɗaya, a fara da sauti. A 1886 Paul Passy ya tara malamai a Faris suka kafa ƙungiyar da ta fito da alamomin rubuta sauti da muke gani a ƙamus yau. A Ingila, Henry Sweet ya goyi bayan wannan ra'ayi cikin littafinsa na 1899, kuma a 1917 Daniel Jones ya fitar da ƙamusunsa na lafazin Ingilishi. A wannan shekara ta 1917 ne kuma Harold Palmer ya kawo shawarar da ta fi shafar batunmu, cewa a bar mai koyo ya ɗauki lokaci yana saurare kawai kafin a nemi ya buɗe baki, kamar yadda jariri yake yi. An karɓi lafazin Jones hannu biyu, shawarar Palmer kuwa ta kwanta kusan shekara hamsin kafin a waiwaye ta.

Kwalejin Katsina ta shahara da kyawun lafazin ɗalibanta, kuma dalilin bai da wuyar ganewa. Ɗalibai 'yan gommai ne, zaɓaɓɓu daga larduna. Karatu shekara biyar ne, a makarantar kwana. Malaman Ingilishi masu harshen ne, yaro yana jin muryarsu a aji, yana ji a filin wasa da yamma, kuma ana tsai da shi a gyara masa wasali guda har sai ya fita. Alhaji Abubakar Imam ya shiga a 1927, Sardauna Ahmadu Bello ya yi daga 1926 zuwa 1931, Abubakar Tafawa Ɓalewa daga 1928 zuwa 1933. Wanda duk ya saurari jawabin da Tafawa Ɓalewa ya yi a Majalisar Ɗinkin Duniya ranar 7 ga Oktoba 1960 ya san abin da ya sa aka yi wa muryarsa laƙabi da zinariya. Shekaru da yawa bayan haka, binciken da Munzali Jibril ya kammala a 1982 ya nuna cewa Ingilishin masu ilmi na ƙasar Hausa ya fita daban da na Kudu wajen furuci, kuma irin malaman da kowane sashe ya fara ji suna cikin abin da ya haddasa wannan bambanci.

Dattawa sukan ba da labarin Katsina da kewa, suna cewa Ingilishin yanzu ya lalace. Ina ganin ya kamata a sassauta. Abin da aka yi a Katsina ba wata dabara ba ce da ta ɓace, wadata ce ta murya: baki ɗaya na mai harshe ga kunnuwa ƙalilan, safe da yamma, shekara biyar. Ba gwamnatin da za ta iya sayen wannan ga yara miliyan. Sa'an nan, ko a Katsina ɗin, an horar da kunne ne domin ya yi wa baki hidima. Ana sa yaro ya saurara domin ya kwaikwaya. Fahimtar magana kuwa ta samu ne da kanta saboda yawan ji, ba wanda ya ɗauke ta darasi mai zaman kansa, saboda haka da ɗaliban suka fita suka zama malaman midil, waɗanda aka kafa a farkon shekarun 1930, sun tafi da lafazi, ba su tafi da wata hanya ta koyar da saurare ba. Almajiransu suka ji Ingilishi daga bakin wanda ya ji daga bakin mai harshe, almajiran almajiransu kuma suka ƙara nisa da mataki guda.

A nan ne littafi ya ci galaba. Michael West, wanda ya yi aikin ilmi a Bangal ta ƙasar Indiya, ya kawo hujja a 1926 cewa yaron ƙasar da ake mulka ya fi buƙatar karatu a kan magana, domin yawancin yara za su bar makaranta da wuri, kuma karatu shi ne abin da za su iya ci gaba da shi ba malami. Hujja ce mai ƙarfi. Ban da haka, littafi ana iya ɗaure shi a akwati a ɗora wa jirgi ya kai Gusau ko Nguru, murya kuwa ba ta ɗauruwa. Jerin littattafan karatu na West, da na Lawrence Faucett da aka fara bugawa a 1933, da na F. G. French da suka biyo baya, su suka zama Ingilishin makarantun Afirka. Abin da ya rage wa kunne shi ne shifta, da karatun malami a bayyane.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka yi zaton na'ura za ta warware matsalar. Faifan garmaho na koyon harshe ya daɗe, kamfanin Linguaphone tun 1901 yake, BBC kuma ta fara darussan Ingilishi ta rediyo a 1943. Amma babban yunƙuri daga Amurka ya taso, inda rundunar soja ta koya wa dubban mutane harsunan waje cikin gaggawa ta hanyar ji da maimaitawa. Da Rasha ta harba tauraron Sputnik a 1957, Amurka ta firgita, ta yi doka a 1958 wadda ta zuba kuɗi a koyar da kimiyya da harsuna, makarantu suka cika da ɗakunan koyon harshe: kowane ɗalibi da akurkinsa, da na'urar ɗaukar magana, da abin sawa a kunne. Guguwar ta iso mu daidai lokacin mulkin kai. An yi babban taron ƙasashen renon Ingila kan koyar da Ingilishi a Makerere ta Yuganda a 1961, a wannan shekara matasan Amurka 'yan sa kai suka fara zuwa koyarwa, kuma wasu manyan kwalejojinmu suka sami irin waɗannan ɗakuna. Ƙurar hunturu da ɗaukewar wuta da rashin kayan gyara sun yi musu abin da suka saba yi wa na'ura a ƙasar nan. Amma ko inda wuta ba ta ɗaukewa, ɗakunan ba su cika alkawari ba, domin abin da ke cikin faifan shi ne: saurara, maimaita. Aku ma yana yin wannan. Noam Chomsky ya rushe ginshiƙin tunanin a 1959, da ya nuna cewa harshe ya wuce tarin ɗabi'un da ake cusawa ta maimaici, Wilga Rivers kuma ta bi hanyar koyarwar kanta da suka a 1964.

Sai a wannan tsakani masana suka fara tambayar abin da kunne yake yi in yana fahimta. Tun a shekarun 1920 wani Ba'amurke, Paul Rankin, ya auna yadda manya suke kashe lokacinsu na sadarwa, ya tarar saurare ya ɗauki sama da kashi 40 cikin 100, ya fi magana, ya fi karatu, ya ninka rubutu sau da yawa. A shekarun 1960 James Asher ya gwada koyar da harshe ta ba da umurni, mai koyo ya tashi, ya zauna, ya taɓa ƙofa, ba tare da ya ce uffan ba. A 1974 Valerian Postovsky ya ba da rahoton gwajin da ya yi da masu koyon Rashanci a makarantar harsuna ta sojan Amurka: waɗanda aka jinkirta musu magana, aka bar su da saurare da rubuta abin da suka ji a makonnin farko, sun fi waɗanda aka sa su furuci tun ranar farko. Shawarar Palmer ke nan ta farka. A 1977 kuma Gillian Brown ta fitar da littafinta kan sauraron Ingilishin baka, inda ta nuna dalla-dalla cewa Ingilishin da ake yi a hira ya yi nisa ƙwarai da wanda malami yake furtawa kalma-kalma a gaban allo.

Wannan batu na ƙarshe ya cancanci mu tsaya a kansa, domin a nan ɗan Hausa ya fi shan wuya. Kowa ya san ƙananan matsalolin. Hausa tana da wasula biyar, kowanne da dogo da gajere, da tagwayen wasula biyu, Ingilishin da Jones ya siffanta kuwa yana da kimanin 20. Ba mu bambanta p da f, saboda haka kalmomi biyu da wannan kaɗai ya raba su sukan zo wa yaro a matsayin kalma ɗaya. Ba mu jera baƙaƙe a farkon gaɓa, shi ya sa muka ce burodi da fulawa. Waɗannan duka ana gyara su, kuma sau da yawa ma'anar jimla takan cece su. Babbar matsalar ita ce tafiyar maganar. Hausa tana ba kowace gaɓa haƙƙinta, da tsawonta da karin sautinta. Ingilishi kuwa yakan danna gaɓa ɗaya da ƙarfi ya haɗiye na kusa da ita, ƙananan kalmomi irin su of da to da have su narke har su zama ɗan gajeren sauti maras siffa. Yaron da ya san have a takarda da haruffa huɗu, in ya ji ta cikin jimla ta koma ɗan huci tsakanin kalmomi biyu, ba zai gane tsohuwar saniyarsa ba ce. Ya san kalmar sarai, bai taɓa jin ta cikin tafiya ba. Mu ma haka muke yi wa baƙo: za ni ya zama zan, mayar da ya zama mai da, kuma Baturen da ya haddace nahawun Hausa a jirgin ruwa yakan tsaya sororo ranar da ya fara shiga Kasuwar Kurmi. Shi ya sa gwamnatin mulkin mallaka, da ta tashi jarraba jami'anta a Hausa, ta haɗa da jarrabawar baka.

Brian Tiffen ya yi wani bincike da ya kammala a 1974, inda ya ɗauki muryoyin ɗaliban jami'a Hausawa da Yarabawa ya sa Ingilawa su saurara, ya tarar kuskuren nauyin gaɓa da tafiyar magana ya fi kowane irin kuskure hana fahimta. Ku lura da alƙiblar tambayar: shin Bature yana gane mu? Ita aka fi damuwa da ita a wancan zamani. Ɗaya tambayar, shin yaronmu yana gane abin da ake faɗa masa, ita ce ta fi kusa da rayuwarsa, domin da wannan harshe za a koya masa lissafi da kimiyya da tarihi.

Abin takaici shi ne lokacin da wannan sabon ilmi ya nuna a waje ya zo daidai da lokacin da ajinmu ya fi kowane zamani cunkoso. A watan Satumba 1976 gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ilmin firamare kyauta ga kowa. An yi tanadin yara kimanin miliyan 2.3 a aji ɗaya, kusan miliyan 3 suka bayyana. Aka horar da malamai cikin gaggawa, aka ɗauki wasu ba horo. Manufar ilmi ta ƙasa ta 1977 ta ce a fara da harshen uwa ko na yankin, sa'an nan a koma Ingilishi, amma ba ta tanadi gadar da kunnen yaro zai bi ya haye ba. Ni ba na cikin masu zagin wannan shiri, da yawa daga cikin waɗanda ke zaune a nan ba don shi ba da ba su ga ƙofar makaranta ba. Sai dai ya kamata a faɗi abin da ya faru: muryar Ingilishi guda ɗaya da yaron ƙauye yake ji ita ce ta malamin da shi kansa daga takarda ya koya. Malam ya karanta layi da Ingilishi, ya fassara da Hausa, yara su jira fassara. Karatun zaure ya dawo cikin rigar boko.

Da jarrabawa ta nemi kunne, da makarantu sun nemo hanya ko ta halin ƙaƙa, domin malami abin da za a tambayi ɗalibansa yake koyarwa. Hukumar Jarrabawa ta Afirka ta Yamma, wadda aka kafa a 1952, ta sa D. W. Grieve ya duba jarrabawar Ingilishi, kuma rahotonsa na 1964 ya nemi a ɗauki Ingilishi a matsayin harshe na biyu, a kuma ba Ingilishin baka muhimmanci. An yi zamanin da ake jarraba wasu ɗalibai da murya da faifai. Amma tsarin da aka zauna a kansa a Nijeriya shi ne takarda mai tambayoyi 60 cikin minti 45, wadda ake kira jarrabawar baka, alhali ba a buɗe baki a cikinta, ba a kuma kasa kunne. Ana nuna wa ɗalibi kalma a rubuce, a ce ya zaɓi wadda wasalinta ya yi daidai da nata, ko ya nuna gaɓar da ke ɗauke da nauyi. Yaro mai ƙwazo yakan haddace alamomin Passy da idonsa ya ci wannan takarda sarai, bai taɓa jin sautin da alamar take wakilta ba. Ranar da zai fara gamuwa da jarrabawar saurare ta gaskiya ita ce ranar da ya nemi karatu a waje, ya zauna wa TOEFL, wadda aka fara a 1964, ko IELTS, wadda aka fara a 1989.

Ko a ƙasashen da ake kunna faifai a aji, aikin bai kammala ba. Tun shekarun 1980 aka saba da darasi mai hawa uku: a share fage, a saurara, a amsa tambayoyi. John Field ya yi wa wannan suka a littafinsa na 2008, yana cewa yawancinsa gwaji ne aka sa wa sunan koyarwa, domin malami yakan duba wa ya ci wa ya faɗi, ya wuce, bai tambayi inda kunnen ya yi tuntuɓe ba. Abin da ya kamata shi ne a koma kan daƙiƙa biyar ɗin da suka gagara, a sake kunnawa, yara su rubuta abin da suka ji, a gwada da abin da aka faɗa, a gano ko kalma ce ba a sani ba, ko sananniya ce ta sake kama. Tsohuwar shifta ke nan, an rage mata tsawo an ba ta manufa. Ba ta buƙatar akurki ko ɗaki na musamman. Wayar da ke aljihun malami, da ƙaramar lasifika, sun fi dukkan na'urorin 1960 ƙarfi, kuma za su iya kawo wa aji muryar mai karanta labarai daga Landan da ta likita daga Indiya da ta ɗan kasuwa daga Anaca, domin waɗannan duka yaron zai gamu da su.

A 2022 gwamnatin tarayya ta amince da manufar koyarwa da harshen uwa a dukkan shekaru shida na firamare, a watan Nuwamba 2025 kuma ministan ilmi ya ba da sanarwar soke ta, aka mai da Ingilishi harshen koyarwa tun daga tushe. Ina da ra'ayi a kan wannan, kuma malamin Hausa ba ya buƙatar faɗin ko wane ne. Amma ko wace manufa aka bi, wanda ya yanke cewa yaro ɗan shekara shida a Ɗanbatta ko Illela zai koyi ƙidaya da harshen da ba a yi a gidansu, ya ɗora dukkan ilmin yaron a kan kunnensa, tun kafin ya iya karanta kalma ɗaya. Saboda haka nake roƙon jami'an ma'aikatun ilmi da ke nan su ɗauki tambaya guda su kai ta inda ake yanke shawara. Hukumar jarrabawar nan guda ce a Afirka ta Yamma, manhajar Ingilishinta ma guda ce, amma a Gana da Gambiya da Saliyo ɗalibai sukan zauna a kunna musu murya su amsa abin da suka ji, mu kuwa a miƙa mana takarda. A nemi a ji nawa ne kuɗin lasifika da batir a kowace cibiyar jarrabawa, a gwada shi da abin da ake kashewa wajen buga waccan takarda mai tambayoyi 60.